Masu dafa ais a cikin unguwa: abin da doka ta tanada da inda gizo ke saƙa

Mu nan Arewa da an ce ƙwaya hankalinmu kan kodin yake tafiya, da tiramol, da wiwi, da sholisho, wato abubuwan da ko dai shigo da su ake yi a kwali ko kuma nomawa ake yi a daji. To akwai wata wadda ita ba a noma ta, dafa ta ake yi, kuma ba a wata uwa duniya ba, a nan cikin Najeriya, a cikin gida irin wanda kowa ke haya. Sunanta metamfetamin, yaran yanzu suna ce mata ais, a ƙasar Ibo kuma mkpuru mmiri suke kiranta. Ita ce dalilin da ya sa maganar dokar ɗakunan haɗa ƙwaya da dokar sinadaran haɗi ta shafe mu kai tsaye, ba labarin Amurka ko Meziko ba ne kawai da muke gani a talabijin.

A shekarar 2011 ne hukumar NDLEA ta fara gano irin wannan ɗaki a Najeriya, a yankin Ojo da ke Legas. Kafin lokacin abin da aka san mu da shi shi ne hanya, wato hodar iblis ta taso daga Kudancin Amurka ta ratsa ta wajenmu ta wuce Turai, mu dai 'yan dako ne. Daga 2011 sai labari ya canza, muka shiga sahun masu ƙerawa. Aka ci gaba da gano wasu a Legas da Anambra, har aka zo watan Maris na 2016 da aka bankaɗo wani babba a Asaba ta jihar Delta, aka kama 'yan Meziko huɗu a ciki waɗanda aka ɗauko su musamman don sun iya aikin, kuma hukumar ta ce wurin zai iya fitar da kilo dubu uku zuwa dubu huɗu a dahuwa ɗaya. Ka tsaya ka yi tunanin wannan adadin. Ba aikin wani yaro ba ne da ya sami tukunya da risho, jari ne na manyan mutane. A 2022 kuma aka kama wani a rukunin gidajen Victoria Garden City da ke Lekki, unguwar masu hannu da shuni mai geti da masu gadi, tare da wani a ƙauyen Nise kusa da Awka.

Da farko kasuwar waje ake yi wa, ana ɗora wa masu dako su kai Japan da Malesiya da Afirka ta Kudu inda kuɗinta yake da tsoka sosai. Amma duk ƙasar da ake dafa abu a cikinta sai 'ya'yanta sun ɗanɗana, ba makawa. Ƙarshen 2021 kowa ya ga abin da ya faru a kudu maso gabas, bidiyoyi suna ta yawo na matasa da suka zauce, garuruwa suna ɗaure 'ya'yansu a jikin itace suna zane su saboda an rasa yadda za a yi. Yanzu kuma ais ta iso garuruwanmu, duk mai bin labaran kamen da NDLEA ke fitarwa ya san haka.

Abin da ya bambanta wannan ƙwaya da sauran shi ne ba ta buƙatar gona. Hodar iblis sai da ganyen koka, shi kuma a tsaunukan Kolombiya da Peru da Bolibiya yake fitowa. Hiroyin sai da furen da ake nomawa a Afganistan da Myanmar. Wiwi ko a dazukan Ondo da Edo ne sai an share fili, kuma ana iya hango shi. Ais kuwa ɗaki ɗaya, da mai dafawa ɗaya da ya san hannu, da sinadarai, shi ke nan. Saboda haka wanda yake son hana ta dole ya bi sinadaran, don su ne kaɗai abin da mai dafawa ba zai iya samarwa da kansa daga iska ba, sai ya saya, sai an shigo masa da su ta tashar jirgi, sai wani ya sa hannu a takarda.

To a nan ne matsalar take, domin sinadaran nan ba haramtattu ba ne a karan kansu. Efedirin da sudo'efedirin, waɗanda su ne kan gaba wajen haɗa ais a nan ƙasar, su ne ake sawa a maganin mura da toshewar hanci, likitoci ma suna amfani da efedirin a ɗakin tiyata idan jinin mutum ya yi ƙasa. Asetik anhaidiraid da ake yin hiroyin da shi, da shi ake yin asfirin. Fotasiyam famanganet da masu hodar iblis ke nema, shi ne wannan jan garin da ake tsaftace ruwa da wanke miki da shi. Su asiton da toluwin kuwa suna cikin fenti da gam da abin goge jan farce. Ka ga ke nan ba za ka tashi da safe ka ce ka haramta su ba, in ka yi haka ka rufe kamfanonin magani da na fenti ka bar marasa lafiya a wahala. Abin da doka za ta iya shi ne ta san nawa ya shigo, wa ya karɓa, me ya yi da shi, ina ragowar.

Duniya ta zauna kan wannan a Biyana a 1988, aka yi yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi, wadda ta zo bayan ta 1961 da ta 1971. Waɗancan biyun kan ƙwayoyin kansu suka tsaya, ita ta 1988 a sashe na 12 ta sauko kan kayan haɗi. Ta kasa su jadawali biyu. Na farko shi ne masu haɗari sosai, irin su efedirin da sudo'efedirin da wani da ake kira P2P da asetik anhaidiraid, na biyu kuma su ne na yau da kullum irin asiton da toluwin da ruwan asid da masana'antu ke amfani da shi ganga-ganga. Hukumar kula da ƙwayoyi ta ƙasa da ƙasa, wato INCB, da ke Biyana ita ke sa ido, kuma tun 2006 tana da wani tsari a intanet da ake kira PEN Online, inda ƙasar da za ta fitar da kaya take sanar da ƙasar da za a kai wa tun kafin jirgi ya tashi, ta ce ga kamfani kaza a wajenku ya yi odar kilo kaza, kun san shi? kun ba shi izini? In aka ce ba mu san shi ba sai a tsayar da kayan tun a can. Tsari ne mai kyau ƙwarai, amma fa yana aiki ne kawai in akwai wanda ke zaune yana buɗe saƙon yana amsawa a kan lokaci, kuma in ya amsa da gaskiya.

Najeriya ta shiga yarjejeniyar, kuma saboda ita aka kafa NDLEA da dokar soja mai lamba 48 a ƙarshen 1989, wadda yanzu take cikin kundin dokokin tarayya na 2004. In ka karanta ta za ka ga ba wasa a cikinta. Sashe na 11 ya ce duk wanda ya ƙera ko ya sarrafa ko ya shigo da hodar iblis ko hiroyin ko makamantansu, ɗaurin rai da rai ne. Wanda aka kama da ita a hannu yana sane, shekara 15 zuwa 25. Sashe na 14 ya kama masu haɗa baki da masu taimakawa. Sashe na 12 kuma shi ne wanda nake so masu gidajen haya su sani, domin ya ce mazaunin gida ko mai kula da shi da ya bari aka mayar da wurin ma'ajiya ko wurin sarrafa ƙwaya zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara 25. Sannan sashe na 20 ya taɓo kayan aiki da sinadaran da aka lissafa, ga wanda ya mallake su ko ya yi safararsu alhali ya san ƙwaya za a yi da su. Babbar Kotun Tarayya ce ke shari'ar, kuma ana iya ƙwace gida da mota da kuɗin da aka samu ta wannan hanya.

Amma ba NDLEA ke ba da izinin shigo da sinadaran ba, NAFDAC ce, wadda aka kafa a 1993. Ita ke duba kamfani ta ce eh kana da masana'anta, ga yawan efedirin da za ka iya shigowa da shi bana. Kwastan na bakin tasha. Hukumar masu harhaɗa magunguna kuma tana kula da shaguna da 'yan kemis. Hukumomi huɗu ke nan a kan ganga ɗaya, kuma duk inda aka sami giɓi tsakaninsu nan ɓarawo ke bi. Yawancin efedirin da ke shigo mana daga Indiya yake zuwa, da takardunsa cif-cif, ba ta ɓarauniyar hanya ba. Abin da ke faruwa bayan ya bar tashar Apapa ko filin jirgin Ikeja shi ne abin tambaya. Kamfani ya karɓi kilo ɗari biyar da sunan maganin mura, ya yi na kilo ɗari biyu, sauran ya fita ta ƙofar baya da ninkin kuɗinsa, a littafi kuma a rubuta an yi amfani da shi duka. Wanda zai gano wannan ba mai bindiga ba ne, mai lissafi ne da zai zauna ya ce kwalba nawa kuka fitar, kowace kwalba miligiram nawa ke ciki, to lissafin bai haɗu ba, ina sauran? Ni a ganina nan ne yaƙin yake, kuma nan ne muka fi rauni, domin aiki ne na shiru wanda ba a ɗaukar hotonsa a sa a jarida.

Amurka ta bi ta wannan hanya kafin mu kuma akwai darasi a ciki. Wajajen farkon shekarun 2000 ƙananan ɗakunan dafa ais sun cika musu ƙauyuka, mutum ya zagaya shaguna ya sayi maganin mura kwali-kwali ya koma gida ya dafa. Sai suka yi doka a 2005 wadda ta fara aiki a 2006, aka kwashe duk maganin da ke da sudo'efedirin aka mayar bayan kanta, sai ka nuna katin shaida, sai an rubuta sunanka a littafi, kuma ba za ka wuce giram 3.6 a rana ko giram 9 a kwana talatin ba. Jihar Oregon ma ta ƙara da cewa sai da takardar likita, Mississippi ta bi sahu a 2010. Ƙananan ɗakunan suka ragu sosai, wannan gaskiya ne. Amma masu sha ba su daina sha ba, sai kasuwar ta tsallaka iyaka ta koma hannun manyan ƙungiyoyin Meziko. A 2007 aka shiga gidan wani ɗan kasuwa mai shigo da sinadarai a birnin Meziko, Zhenli Ye Gon, aka tarar da tsabar kuɗi sama da dala miliyan 200 jibge a ɗaki. Meziko ta hana shigo da efedirin da sudo'efedirin gaba ɗaya daga 2008. Me ya faru? Masu dafawa suka canza hanya, suka koma amfani da P2P wanda ba ya buƙatar maganin mura kwata-kwata, kuma suka ƙware a kai har kayan suka fi na da yawa da araha. Wannan hanyar ce 'yan Mezikon nan suka kawo Asaba.

Daga nan aka shiga tsere. Da aka matsa wa P2P sai masu sinadarai suka fara sayar da wani abu da ba ya cikin jadawali wanda ake juya shi ya zama P2P, ana kiransa APAAN. Aka sa shi a jadawali a 2014. Sai suka fito da APAA, aka sa shi a 2019. Sai MAPA, aka sa shi a 2020. Haka ma a ɓangaren fentanil, wata ƙwaya mai ƙarfi dangin hiroyin, an sa sinadaran haɗa ta NPP da ANPP a 2017, an ƙara wasu uku a 2022. Su waɗannan sababbin yawancinsu ba su da wani amfani na halal da aka sani, an ƙirƙire su ne kawai don a zagaye doka, kuma kafin a gama zaman kwamiti a ƙasashen duniya a sa ɗaya a jadawali sun riga sun shirya na gaba. Shi ya sa wasu ƙasashe suka fara rubuta dokarsu ta kama dangin sinadari gaba ɗaya maimakon suna ɗaya-ɗaya, ko su ba hukuma ikon ƙara suna cikin gaggawa ba sai an koma majalisa ba. Dokar da aka rubuta a 1989 tana lissafa abubuwa da sunansu, dole a riƙa sabunta ta a kai a kai in ba haka ba lauyan wanda ake tuhuma zai tashi a kotu ya ce ya mai shari'a nuna min sunan wannan garin a cikin doka, kuma yana da hujja.

Akwai kuma kalmar nan ta "yana sane". Adalci ne a ce sai an tabbatar mutum ya san abin da za a yi da kayan kafin a ɗaure shi, don direban da aka ba ganga ya kai Onitsha ko ɗan dakon da ya sauke ta ba lallai su san komai ba, kuma ba na so a taɓa cire wannan kariyar. Sai dai tabbatar da sani aiki ne na bincike mai zurfi, sai an bi kuɗi ta banki, an bi waya, an bi takardun oda, an kai samfur ɗakin gwaji an kawo masanin da zai tsaya gaban alƙali ya yi bayani. In babu wannan, wanda ake samu a wurin da hannu dumu-dumu shi ne mai dafawa da yaran da ke taya shi, mai jarin kuwa yana can a wani gari ko wata ƙasa, gobe ya kama wani gidan ya ɗauko wani mai dafawar. Shugaban hukumar, Janar Buba Marwa, wanda ya karɓi ragama a Janairun 2021, ya sha kokawa kan zaɓin biyan tara da kotuna ke ba manyan dillalai, kuma yana da gaskiya, don wanda ke juya miliyoyin daloli tara ba ta dame shi ba.

A watan Mayun 2024 Majalisar Dattawa ta kaɗa ƙuri'ar a mayar da hukuncin ya zama kisa, daga baya da aka daidaita da Majalisar Wakilai aka tsaya a ɗaurin rai da rai. Na san da yawa daga cikinmu sun so a bar shi a kisan, kuma na fahimci zafin, duk wanda ya ga ɗansa ko ƙaninsa ya lalace ba zai ji tausayin dillali ba. Amma mun taɓa gwadawa. A 1985 zamanin mulkin soja an harbe mutum uku a Legas ƙarƙashin doka mai lamba 20 ta 1984, kuma fataucin bai tsaya ba, sai ma ƙaruwa da ya yi har aka ga dole a kafa hukuma guda bayan shekara huɗu. Mai laifi ba tsananin hukunci yake fara dubawa ba, yana duba ko za a kama shi ne, in kuma an kama shi ko zai iya sayen hanyar fita. Ɗaurin rai da ran da ke cikin littafi tun tuni ya isa, in da ana kai manyan gare shi.

Mu a Kano mun ga misalin yadda kayan halal ke zama masifa. Kodin ba a ɗakin ɓoye aka riƙa yin sa ba, kamfanoni masu lasisi ne suka yi, ya bi ta hannun dillalai ya cika gari, sai da BBC ta fitar da rahotonta na ɓoye a 2018 sannan gwamnati ta hana shi. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwaya (rahoton 2018) ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya cikin shekara guda, miliyan 4.6 a cikinsu irin su tiramol ne, miliyan 2.4 kuma maganin tari. Ramin da kodin ya bi ya fita shi ne dai ramin da efedirin ke bi, wato kaya ya bar masana'anta ba wanda ya san hannu nawa ya ratsa. Shi ya sa tashin 'yan magani daga Sabon Gari zuwa kasuwar Dangwauro a 2024, duk da koke-koken da 'yan kasuwa suka yi kuma wasu koken nasu abin dubawa ne, yana da alaƙa da wannan magana, don wuri ɗaya mai rajista ya fi sauƙin bin sawu a kan shaguna dubu a lunguna.

Sai abin da ba a cika magana a kai ba, gidan da aka yi dahuwar. Masana sun ƙiyasta duk kilo ɗaya na ais yana barin kilo biyar zuwa shida na datti mai guba, kuma masu yi ba wani wurin zubarwa gare su ba, kwata suke tuttulawa ko su haƙa rami a bayan gida, daga nan ya gangara rijiya da burtsatse. Hayaƙin yana shiga bango da silin da labule ya zauna, tururin kuma yana iya kamawa da wuta ya tashi da gidan har da na maƙwabta. A wasu jihohin Amurka da kuma New Zealand da Ostireliya akwai ƙa'idojin gwada irin wannan gida da wanke shi kafin a sake zama, wasu wuraren ma dole mai gida ya gaya wa mai saye ko mai haya abin da aka taɓa yi a ciki. Wannan ya kamata ya shiga dokarmu ɓaro-ɓaro, a faɗi wa zai biya kuɗin wankewa, wa zai gwada ruwan unguwar, wa zai sa hannu cewa yara za su iya kwana a ɗakin, kuma kuɗin ya fito daga dukiyar da aka ƙwace a hannun mai laifin.

Mai gidan haya shi ma yana da nasa. Wanda ya zo ya biya shekara biyu lakadan ba ciniki, ya ce kar kowa ya shigo, ya toshe tagogi, ya kafa manyan fankokin zuƙe iska, ana shigo da jarkoki da dare, wani wari mai kama da na fenti ko fitsari yana tashi, ciyawar bayan gida tana ƙonewa ba dalili, to wannan ba abin da za ka kau da kai ba ne don kuɗi ya shiga aljihu. Kar ka shiga da kanka, kar ka taɓa komai, kar a kunna ashana ko a tara matasa a ce za a fasa ƙofa, iskar wurin kaɗai tana iya kwantar da mutum. A sanar da mai unguwa da ofishin NDLEA mafi kusa, kuma ka riƙe takardar yarjejeniyar haya da shaidar ranar da ka kai rahoto, don su ne za su raba ka da sashe na 12 in magana ta je kotu.